Mutumin da Ya Dafa Dutse a Tukunyar Matarsa

Akwai wani mutum da aiki ya kai shi wani birni na bakin teku, shi da matarsa Briskila. Mutumin tudu ne, ya girma bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin garinsu ba, don haka da ya ga teku sai ta shiga ransa. Bai tsaya a kallo ba. Ya sa aka haɗa masa babban akwatin gilashi, wato tankin kifi, a falo, ya cika shi da ruwan gishiri, ya jera duwatsun teku a ciki, ya zuba ƙananan kifaye masu launi, ya kuma dasa murjani. Ba murjanin da mata ke ratayawa a wuya nake nufi ba. Wannan mai rai ne, yana manne da dutse, yana ci yana girma, wani da rassa, wani a buɗe kamar fure. Baƙo in ya zo gidan, ko ruwa bai sha ba sai an kai shi gaban gilashi ya yi ta cewa masha Allah har bakinsa ya gaji.

Yana da aboki mai suna Barnaba, cocinsu ɗaya, wanda ya riga shi fara irin wannan kiwo, shi ne ma ya koya masa.

Wata rana mutumin ya dawo da sabon dutse. A jikin dutsen akwai wani ɗan murjani kore, tsakiyarsa ja, ƙanana ƙanana kamar maɓallan riga, in hasken fitila ya sauka a kansa sai ya yi ta ƙyalli. Da Barnaba ya zo ya gani, fuskarsa ta canza.

Ya ce, “Ɗan’uwa, fitar da wannan tun yana kan dutse ɗaya. Yaɗuwa yake yi, ba ya barin na kusa da shi ya rayu. Kuma dafi gare shi, dafin da yake kwantar da ƙato.”

Mutumin ya yi dariya, ya ce, “Haba Barnaba! Ɗan wannan abin? Ai shi ya fi kowanne kyau.”

Barnaba ya ce, “To, na faɗa maka. In ka tashi rabuwa da shi, kada ka kankare shi, kada ka kai shi kusa da zafi. Ka kira ni. Da safar hannu ake yi, da tabarau, da takunkumi, a waje inda iska ke kaɗawa. A tsoma dutsen cikin ruwan sanyi da bilic na wanki, a rufe, a bar shi ya mutu a hankali. Aikin mutum biyu ne, kuma haƙuri yake so.”

Mutumin ya ce ya ji. Irin jin nan ne da muke yi wa sanarwa a coci, kai yana gyaɗawa, hankali yana kan tuwon rana.

Kwanaki suka wuce, watanni suka bi. Ɗan murjanin ya cika dutsensa, ya tsallaka na kusa, ya sake tsallakawa, kamar ƙuduji a gonar dawa. Mutumin yana gani. Kada wani ya ce bai gani ba, kullum da safe a gaban gilashin yake shan shayi. Amma in Barnaba ya tambaye shi a bakin coci, sai ya ce lafiya lau, yana lura da shi. Daga baya ma ya daina gayyatarsa gida, domin ba ya so ya ji an ce, ai na faɗa maka. Dafi yana ƙaruwa a falon da matarsa ke sharewa kowace safiya, ita kuwa ba ta san kome ba, gama bai taɓa gaya mata abin da aka gaya masa ba.

Sai wata Asabar ya tashi ya tarar da murjanin da ya fi ƙauna, wani mai rassa wanda da shi ya fara kiwon, ya mutu murus. Koren ya hau shi har wuya, ya bar shi fari fat. Nan zuciya ta ɗebe shi. Ya ce yau za a yi ta ta ƙare, ba gobe ba, yau. Ya tuna da maganar Barnaba, amma kiran Barnaba yana nufin buɗe ƙofa a ga irin ɓarnar da ya bari ta yi, shi kuwa ya gwammace kome da wannan. Ya kuma tuna yadda ake yi a garinsu: kuɗin cizo in ya addabi gado, tafasasshen ruwa ake kwara masa, ba a taɓa jin wanda ya tsira ba. Ya ce a ransa, abin da ya kashe kuɗin cizo ba zai gaza a kan ’yar ciyawar ruwa ba.

Ya naɗe hannun riga, ya tsamo duwatsun, ya kai ɗakin girki. Ya ɗauko babbar tukunyar Briskila, wadda take dafa abincin zumuntar mata a ciki, ya zuba su, ya cika da ruwa, ya kunna wuta. Ya rufe taga don kada maƙwabta su ji ƙarni su fara tambaya.

Briskila tana yanka kuɓewa. Ta ce, “Maigida, dutse kake dafawa? Mene ne haka?”

Ya ce, “Ƙazanta nake fitarwa daga gidan nan. Ki duba mini wuta, kada ta mutu. Zan je in samo gishirin tanki in sake ruwan gaba ɗaya.”

Ya fita abinsa, zuciyarsa wasai, kamar wanda ya yi babban aikin ibada.

Ita kuwa ta yi abin da aka ce mata. Ta zauna, ta duba wuta. Da ruwan ya tafasa ta buɗe murfi ta leƙa ko yana son ƙari, tururi ya bugi fuskarta. Ta ji wani ɗaci a bakinta kamar ta lashi tsatsa. Ta fara tari, ta ɗauka yaji ne. Ba ta fita ba, domin an bar mata amanar wuta. Sa’ad da mijin ya dawo, ya same ta a ƙasa kusa da ƙofa, jikinta yana rawa, numfashinta yana fita da ƙyar. Tukunyar kuwa tana ta tafasa yadda ya so.

A ranar ya kira Barnaba, kiran da ya ƙi yi wata da watanni. Barnaba ne ya kashe wuta, ya buɗe tagogi, ya fitar da tukunyar da fuskarsa a rufe, ya bi su asibiti ya gaya wa likita abin da ta shaƙa. Shi maigidan ɗan zazzaɓi ya yi, ya sha magani, ya tashi. Briskila ta daɗe a kwance. Ta rayu, amma ƙirjinta bai koma yadda yake ba. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, muryar da ake ji tun daga bakin hanya. Yanzu baiti ɗaya take yi ta nemi kujera. Aka miƙa wa wata mace ba da waƙar, ita ta koma layin baya tana tafi.

Tankin fa? Tanki ya yi kyau. Ko ɗigon kore babu. Baƙi suna zuwa suna yabawa, maigida yana ba su labarin yadda mugun abu ya so ya cinye masa kome, da yadda ya tashi tsaye ya kawar da shi rana ɗaya. In ya zo kan matarsa sai ya ce, “Madam ma ta ɗan sha wahala, amma mun gode Allah.” Ita tana daga ciki tana jinsa.

To, ga ma’anar misalin nan. Na san abin da kuka riga kuka faɗa a ranku: murjanin nan zunubi ne, ƙarami, mai kyan gani, wanda mutum ya ajiye a gida yana cewa ya fi ƙarfinsa. Gaskiya ne, kuma wannan rabin kowa yana sonsa, domin ba ya taɓa kowa. Ba don shi na tsaya a gabanku ba. Na tsaya ne saboda tukunyar.

Mutumin nan bai cuci matarsa ranar da ya so mugun abu kaɗai ba. Ya fi cutarta ranar da ya ƙi shi. Akwai tuban da ba tuba ba ne, fushi ne da kunya suka sa rigar coci. Mai irin wannan tuba yana so abin ya ƙare yau, da zafi, taga a rufe, ba tare da wani ɗan’uwa ya san zurfin da ya yi ba. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, domin na ga irinsa ba sau ɗaya ba. Mutum ya yi shekaru yana shaye-shaye, ya daina, sai ya mai da gidansa kurkuku, yara ba su isa su yi dariya ba don shi ya zama mai tsarki. Wani ya ci amanar aure a ɓoye, ran nan ya miƙe gaban jama’a ya zazzage kome don ya ji sanyi a ransa, bai ko gaya wa matarsa a ɗaki ba, ita ce za ta shiga kasuwa gobe ana nuna ta da baki. Shi ya sauke kaya, har ana yi masa tafi. Wa ya tambayi wadda aka sauke wa?

Allah bai ce ka zauna da dafi ba. Fitar da shi, kuma da wuri, tun yana kan dutse ɗaya. Amma ya ba ka Barnaba. Ya sa a cikin jama’arsa akwai waɗanda suka san yadda ake riƙe irin wannan abu ba tare da ya fallatsa wa kowa ba, a sarari, a hankali, da hannu huɗu. Kiran su yana da zafi, na sani, domin dole ka ce na yi kuskure, kuma an faɗa mini. Wannan zafin naka ne, kai ka saye shi. In ka ƙi shan sa, ba ɓacewa zai yi ba, wani ne zai sha a madadinka, kuma kusan kullum wanda ya fi amincewa da kai ne, wanda in ka ce zauna ka duba mini wuta zai zauna ba tambaya.

Saboda haka kai da kake zaune kana cewa daga yau ka gama da wancan abu, madalla, Ubangiji ya taimake ka. Amma kafin ka kunna wuta, ka waiwaya ka duba ɗakin. Wa za ka bari a gaban tukunya?