Makunnin Da Dogo Ya Ƙi Taɓawa

Shagon yayana a rufe yake yanzu, bencin ƙofar ma babu mai zama a kai. Allah ya karɓi abinsa. Ni ba gwanar rubutu ba ce, amma labarin nan da na ji a wurin zaman makoki ya ƙi barina, shi ya sa na kawo muku.

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da ake kira Dogo, shagonsa na kallon na Yaya. Wurin maigida ɗaya suka koyi aiki. Shagon Dogo ya fi girma, har da ƙofar gilashi, amma ko ruwa Yaya ya saya sai Dogo ya leƙo ya ga ko mai sanyi ne.

A layin akwai wani dattijo, Baba Mai Buga Takardu. Ciwo ya taɓa masa hannu, yatsunsa suna rawa, maɓallin kunna kwamfutarsa kuma ɗan mitsitsi ne a ƙarƙashin tebur. Kullum sai ya roƙi mai wucewa ya kunna masa.

Yaya ya samo makunni mai dogon hannu daga wata tsohuwar mota, ya dasa shi a ɗan akwatin katako a kan tebur, ya ja waya zuwa cikin kwamfutar. Da bayan hannu ma Baba yana iya ture shi.

Nan da nan zance ya zagaya. Baba kuwa duk wanda ya shigo sai ya ce, "Zo ka ga aikin ɗana."

Kalmar nan ta ƙona wa Dogo rai. Ya taɓa gyara wa Baba firinta kyauta, ba a ce masa ɗa ba.

Wata rana Yaya yana wurin Baba, ya kira Dogo. "Dogo, zo ka taɓa ka ji yadda yake."

Dogo ya tsaya daga bakin ƙofa, hannu a aljihu. "In taɓa me? Makunni ne fa, ba jirgin sama ka ƙera ba."

"To matuƙi, shigo mana."

"Ina da aiki."

Ba shi da aikin komai. Komawa ya yi ya zauna yana kallon masu shiga shagon Yaya, zuciyarsa na tafasa.

Ana nan sai wata Hajiya da za ta buɗe makarantar koyon kwamfuta ta zo neman mai makunnin, tana so a sa wa duk na'urorinta. Yaya ya tafi asibiti ranar, don ciwon da ya zama ajalinsa ya fara cin sa. Dogo ya tare ta.

"Hajiya, ai a wurina ya gani. Ni zan yi miki wanda ya fi nasa."

Ya sayo makunnai masu ƙyalli, irin waɗanda in ka ɗaga suke tsayawa a sama. Ranar da ya haɗa babu wuta, bai gwada ba. Ya ce a ransa, abin da wancan ya iya ai ba ya bukatar gwaji.

Ranar buɗewa iyaye suka cika ɗakin, aka tayar da janareto. Ɗalibai suka ɗaga makunnai, fankokin kwamfutocin suka ɗauka, allo ya kawo haske. Kafin a gama tafi, duk suka mutu. Aka sauke, aka sake ɗagawa, suka sake mutuwa.

Hajiya ta dube shi. "Malam, kwamfuta na ce ka kunna mini, ba walƙiya ba. In ka ƙona mini kaya, layin nan kowa sai ya ji sunanka."

Gumi ya jiƙa wa Dogo riga. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne Yaya ya yi masa asiri. Da wannan fushin ya faɗa shagon Yaya, ya same shi zaune a benci, ya rame.

Yaya ya saurare shi har ya gama. Bai ce komai a kan aikin da aka ƙwace masa ba. Ya kama hannunsa ya ja shi wurin Baba, ya ɗora yatsansa a kan makunnin.

"Tura. To, saki."

Makunnin ya dawo da kansa. Akwai sifirin a ciki, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai mayar da abu wurinsa.

Dogo ya san sarai cewa in aka danne maɓallin kwamfuta aka ƙi saki, kashe kanta take yi. Nasa makunnan danne shi suke yi, ba sa saki. Da ya taɓa na Yaya sau ɗaya, da yatsansa ya gaya masa.

"Ai na ce ka taɓa," in ji Yaya yana dariya. "Kayan Hajiya lafiyarsu ƙalau. Je ka buɗe durowar shagona, akwai masu sifirin, na tara su ne don na san za a nema. Kwashe ka je, kafin ta cinye ka ɗanye."

"Me zan ce mata?"

"Ka ce ka gyara. Ƙarya ne?"

Dogo da bakinsa ya ba da labarin nan a gaban mutane, yana share hawaye da hularsa. Ya ce abin da ya fi ci masa rai, bai taɓa ce wa Yaya aikinka ya yi kyau ba. Yanzu shi ke duba kwamfutar Baba, kuma ya hana kowa canza akwatin katakon nan.

Darasi: Hassada takan hana mutum matsowa kusa da abin da zai amfane shi. In ɗan'uwanka ya iya abu, je ka taɓa, ka tambaya, ka yaba masa tun yana raye yana jin ka. Ku tura wa wasu ko wani zai sauke abin da ke ransa.

Ina roƙonku ku taya ni addu'a. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya wanke mana zukata daga ƙyashin juna. Ku ce amin.