Gayyar da Ta Ƙi Watsewa a Cikin Gwanki

Dalilin da ya sa kuke ganin gwanki kwance a inuwa yana ta tauna, alhali ba wanda ya ga ya sa wani abu a baki, shi zan gaya muku yau. Ku matso, yara. Kai mai ɓoye gyaɗa a aljihu, ka fi kowa buɗe kunne.

A da can, ciyawa ba ta ciyuwa ɗanya. Sai an jiƙa ta, ta yi laushi, ta yi tsami kamar gasarar koko. Masu wannan aiki wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ke zaune a bakin tafki. Ido ba ya ganinsu. Dubu daga cikinsu sai su zauna a kan tsinin allura, har da wurin miƙe ƙafa. Shugabarsu wata tsohuwa ce, Gwaggo Tabawa, wadda muryarta ta fi jikinta girma nesa ba kusa ba.

Aikinsu na gayya ne. Ka tara ciyawa a ƙwarya, ka zuba ruwa, ka kira su. In sun gama, ka ɗebi lomar farko ka ajiye musu, ka ce sannunku da aiki, sannan gayya ta watse. Kowa haka yake yi, har giwa.

To, Gwanki akwai ƙaho, akwai taƙama, sai dai rowa. Ran nan ya kira gayya. Tun hantsi suke aiki har azahar, ciyawa ta yi luguf.

Gwaggo Tabawa ta ce, "Ɗan nan, mun gama. Ina rabon 'yan gayya?"

Gwanki ya leƙa ƙwarya, ya ce, "Wa zan ba, Gwaggo? Ni ban ga kowa ba. In kuna nan, ku ɗaga hannu."

"Mun ɗaga."

"To, ban gani ba."

Ta ce, "Ai kuwa ba mai fita daga ƙwaryar nan sai an sallame mu."

Suna cikin haka, sai Gwanki ya hango surukinsa, uban matarsa, yana tafe. Kun san ba a cin abinci a gaban suruki. In kuma ya iso ya tarar da ƙwarya cike, dole a tura masa ita. Kunya ta ja Gwanki nan, rowa ta ja shi can. Sai ya kafa kai ya zuƙe ƙwaryar kaf: ciyawa, ruwa, da 'yan gayya. Ya goge baki, ya durƙusa.

"Baba, sannu da zuwa."

Kafin tsoho ya amsa, cikin Gwanki ya yi ƙululu, murya ta fito: "Baba, mu ma muna gaisuwa daga ciki! Surukinka ya shanye mu don kada ya ba ka!"

Gwanki ya buɗe baki zai musa, sai gyatsa mai tsami ta riga shi. Tsoho ya dube shi, ya dubi ƙwarya, ya juya bai ko zauna ba.

Gwanki ya fusata. "Ku fito min daga ciki!"

Gwaggo Tabawa ta ce, "Mu fita ina? Ga ɗumi, ga ba ruwan sama. Ba mu taɓa samun ɗaki irin wannan ba."

Sai ya tafi ya ci ɓawon maɗaci har idonsa ya yi ja. Ciki ya yi tsit. Ya ce ya yi maganinsu. Amma da ya koma bakin tafki kiran gayya, ba wanda ya amsa, don labari ya riga shi zuwa. Yunwa ta sa ya ci ciyawa ɗanya. Cikinsa ya kumbura kamar ganga, ciyawa tana fita yadda ta shiga. Haƙarƙari ya bayyana, ƙahon da yake taƙama da shi ya yi wa wuya nauyi. Kura ta fara zuwa duba shi safe da yamma, tana "Ya jiki?" miyau na zuba.

A rana ta bakwai ya kwanta, ya sunkuyar da kai wajen cikinsa.

"Gwaggo, kina nan?"

Ya ƙara sunkuyawa, ya sake kira.

"Gwaggo, don girman Allah."

Can murya ta ce, "Wa ke kira? Ni ban ga kowa ba. In kana nan, ɗaga hannu."

Gwanki, mai kofato huɗu ba hannu ko ɗaya, ya fashe da kuka.

Ta ce, "To, ji nan. Za mu koma aiki, don in ka mutu ɗakinmu ne ya rushe. Amma loma ɗaya ka hana, yanzu kowace loma tamu ce. Mu ci, abin da muka rage kai ka samu. Wadda ba ta taunu ba kuma, mu maido maka ka sake."

Ya ce ya yarda. Da me zai ƙi?

Daga nan suka hayayyafa, suka bi 'ya'yansa da jikokinsa, har barewa da gada da ke shan ruwa tafki ɗaya da shi suka kwashi nasu.

Shi ya sa har yau, in rana ta take, za ku ga gwanki a gindin bishiya yana tuƙa, kai a sama, ido a lumshe, kamar mai tunanin mulkin daji. Ba tunanin komai yake ba. Gwaggo Tabawa ce ta maido masa da aiki.