Tabarmar Balbelu a Tsibirin Kififu

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku bar mutsu-mutsun nan. Ta yau ba ta dariya ba ce.

A tsakiyar wani babban ruwa akwai tsibiri, Gamji-Ɗaya. Kififu ne masu shi, wato kunkurun ruwa. Suna da al'ada guda: mai gida ba ya ɗaga tabarmar baƙo, sai baƙon ya naɗe abarsa.

Akwai wata kififiya, Gwamma. Ta tsufa ba ɗa ba jika. A shekarar nan Allah ya ba ta ƙwai, ta binne su cikin yashin bakin ruwa.

Rannan sai ga jirgi cike da balbelu, farare fat. Babbansu, Dogon-Wuya, ya ce, "Salamu alaikum. Wurin shimfiɗa kawai muke nema."

Gwamma ta ce, "Maraba lale. Baƙo ai raɓa ne."

Balbelu suka shimfiɗa tabarma a gindin gamji. Kififu suka koma rana.

Wani jirgin ya zo. Suka shimfiɗa a kan gonaki. Kififu suka koma cin ciyawa.

Na uku ya zo. Suka shimfiɗa a kan yashi, daidai kan ƙwan Gwamma, suka danne da duwatsu.

Gwamma ta ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yana na ƙasa. Ka ɗan matsa."

Dogon-Wuya ya miƙa wuya ya ce, "Af! Korar baƙo ake yi a garin nan?"

Ta je wurin dattawa. Suka sunkuyar da kai, suka ce, "Gwamma, ba mu gaji haka ba. Yi haƙuri, za su tafi."

Za su tafi ina? Har gini sun fara!

Ƙwai suka ƙyanƙyashe. Gwamma ta kasa kunne a gefen tabarma, ta ji 'ya'yanta suna tono, ƙarat-ƙarat. Ta kai hannu, ta tuna al'ada, ta janye. Washegari ta ji ƙarat ɗaya, a raunane. Ta sake janye hannu, tana hawaye. Rana ta uku, shiru.

Wayyo! Sai a lokacin ta ture duwatsun, ta yaye tabarmar. Ta tono su ɗaya bayan ɗaya. Babu mai motsi.

Dogon-Wuya ya buga fiffike ya ce, "Kun gani? Sun karya dokarsu da kansu! Ba a zama da marasa amana."

Balbelu suka bi kififu da sara har cikin ruwa.

Shi ya sa har yau kififiya ke fitowa a sace ta binne ƙwai, kamar ɓarauniya, a ƙasar kakanninta. Ku girmama baƙo, yara, amma al'adar da za ta cinye ɗanka, ka karya ta tun yana numfashi.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya ƙone, ba nawa ba.