Masu Gadin Gonar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Bushiya ce ke da 'yar gonar gyaɗa tsakanin dajin Giwa da kogin Dorina. Wata safiya Giwa ta zo ta ce, "Ƙanwata, Dorina na hararar gonarki. Zan yi miki gadi." Ta kwanta a gabas, kunya biyar suka baje.

Da azahar sai ga Dorina. "Na ji Giwa ta shigo miki. Kada ki damu, na iso." Ta kwanta a yamma.

Bushiya ta rasa wa za ta gode wa. Ta ce wa Giwa, "Ranki ya daɗe, me ya haɗa ku?"

"Matsowa take yi."

Bushiya ta ruga wajen Dorina, ita kuma ta ce, "Ita ta fara matsowa."

Kullum kowace sai ta ƙara kunya ɗaya, don kada a ce ta ji tsoro. Ran da hancinsu ya haɗu a tsakiya, ko ganye bai rage ba. Suka dubi Bushiya suka ce, "Mai gona, ina tuwon 'yan aiki? Ai ba a gayya da yunwa."

Bushiya ta duba gabas, ta duba yamma, ta kasa tuna ranar da ta kira gayya. Sai ta dunƙule.

Shi ya sa har yau ko sannu ka yi mata sai ta dunƙule, kada ka ce taimako ka kawo.

Ƙurunƙus kan kusu. In ƙarya ce, ku tambayi Bushiya.