Sifirin Ɗin da Ba a Sassauta Ba

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, gwanin haɗa ƙafafun motar tsere. Ba ruwansa da inji. Aikinsa sifirin da shokazoba, ƙarafan nan da ke tsakanin taya da jikin mota. Allah ya ba shi hannu, wannan kam ba musu.

Aikin yana da wuyar sha'ani. In ka sassauta sifirin, mota za ta shanye gargada, amma a kwana sai ta kwanta gefe guda. In ka ɗaure shi tamau, za ta sha kwana a miƙe, amma ɗan tudu kaɗan sai taya ta bar ƙasa. Shi ya sa direba yakan zaga fili sau ɗaya, ya dawo ya faɗi abin da ƙugunsa ya ji, mai haɗi ya gyara.

Direban mutumin nan ƙanensa ne, ciki ɗaya, magidanci mai 'ya'ya biyu.

To, yabo ya yi wa gwanin yawa. Kowa cewa yake motarsa ba ta karkata ko kaɗan, har kansa ya kumbura.

Ranar tsere da safe ƙanen ya zaga ya dawo, ya ce a gaban mutane, "Yaya, ta yi tauri. Akwai tudu a kwana ta huɗu, gabanta tsalle yake. A ɗan sassauta."

Maganar ta soke shi. Shi za a yi wa gyara a bainar jama'a? Ya shige ƙarƙashin motar, ya yi ta ƙwanƙwasa sifana a ƙarfe don a ji, ko noti ɗaya bai juya ba. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Na sassauta. Je ka, sarkin ƙorafi."

Ƙanen ya yi dariya. Me zai sa ya duba? Yayansa ne ya faɗa. Ya shiga kwana ta huɗu bai rage gudu ba, tayoyin gaba suka tashi sama, sitiyari ya zama banza, motar ta daki katanga.

Bai mutu ba, amma bayansa ya karye. Shekara uku yana kwance, yayan ne ke juya shi, yana yi masa wanka, mahaifiyarsu tana ta sa masa albarka. Kullum zai ce yau zan faɗa, kullum kunya ta rufe masa baki. Ya bar sana'ar, ya rame, ko ƙarar sifana ba ya son ji.

Da ajali ya zo, ƙanen ya kama hannunsa ya ce, "Yaya, ka yi gyaranka, ni ne na yi ganganci. Na lalata maka mota. Ka yafe mini."

Kun san abin da ya amsa? Cewa ya yi, "Na yafe."

Sai bayan an rufe kabari ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, yana kuka. Mahaifiyarsu ba ta ƙara kallonsa ba har ta rasu.

Ya 'yan uwa, girman kai ne ya sa shi ƙarya, kuma shi ya hana shi tuba a kan lokaci. Hakkin mutum, mai shi ne ke yafewa. Yanzu wa zai roƙa? Wanda ka zalunta, in yana numfashi, tashi ka same shi yau.

Allah ya kiyaye mu da ƙaryar da za mu rasa wanda zai yafe mana ita. Amin.