Man Da Ya Malala A Bene

Akwai wani mutum mai suna Tamimu, wanda iyalinsa ke zaune a Al-Badi'a, cikin birnin Riyad. Shi kuwa a Dammam yake aiki, a wani jirgin ruwa na dakon kaya. Ya daɗe a aikin, har ya kai ba ya son a tuna masa komai. Shi ya roƙi kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a Saudiyya, ya ɗauki ƙaninsa Mukhtari aiki a jirgin, wanda a da direba ne a unguwar Ulaya ta Riyad.

Wata rana da hantsi ana zuba wa jirgin baƙin mai, Tamimu ne ke tsaron tankin. Mukhtari ya lura ba a toshe ramukan da ruwan benen jirgin ke bi ya zuba cikin teku ba. Ya faɗa wa Tamimu, ya kuma tuna masa cewa ya kamata a sake auna tankin.

Tamimu ya harare shi ya ce, "Ni za ka koya wa aiki? Yalla, koma wurinka."

Wayarsa ta yi ƙara, ya juya baya yana amsawa.

Kafin ya gama, tankin ya cika ya tumbatsa. Mai ya malala a bene, ya bi ramukan nan ya zuba cikin teku. Mukhtari ya ruga zai sa a tsayar da famfon, santsi ya kwashe shi, ya faɗo daga matakalar ƙarfe a kan bayansa.

Washegari gaɓar ta yi baƙi, matattun kifaye na yawo a kan ruwa, an hana masunta fita. Aka kori Tamimu, aka ce za a soke iƙamarsa, wato takardar izinin zama.

Mukhtari kuwa asibitin Riyad aka kawo shi. Likita ya shaida wa matarsa Muhibba cewa da wuya ya sake taka ƙafarsa. Tamimu ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga.

Yana nan tsaye mahaifiyarsu ta kira daga Gusau. Muhibba ta buɗe muryar wayar. Tsohuwar tana kuka, ta tambayi Mukhtari inda yayansa yake har haka ta faru.

Mukhtari ya ɗago ido, ya ga Tamimu. Sai ya ce:

"Santsi ne kawai, Inna. Yaya ne ma ya ɗauke ni."

Inna ta shiga sa wa Tamimu albarka, tana kiran sunansa. Shi kuwa ya sulale ya zauna a ƙasa, ya toshe bakinsa da hannu don kada ta ji kukansa.

Darasi: Daɗewa a aiki ba ta hana kuskure. In an tuna maka ka duba, ka duba, ko da na ƙasa da kai ne ya faɗa. Sakacinka da mai zai iya ɓata teku, ya kuma faɗa kan wanda ka fi so. Ku tura wa 'yan uwa masu aiki a jirage da ma'aikatu.