Rumbun da Gara Ta Ƙi Ci

Akwai wani mutum, manomi, ɗan ƙanen sarki, amma a ƙauye ya girma. Ranar Talata, kwana tara bayan an gama yankan dawa, da ƙarfe goma sha biyu saura kwata na rana, yana sussuka a bayan gidansa, sai ga manzanni daga fada. Suka durƙusa masa, abin da ba su taɓa yi ba. Suka ce sarki ya rasu bai bar ɗa namiji ba, shi aka zaɓa.

A ƙasar nan akwai wata al'ada. Ba a naɗa wa sabon sarki rawani sai ya shiga tsohon rumbun da ke tsakiyar gidan sarauta, shi kaɗai, ya zaro zangarniya ɗaya da hannunsa. A sussuka ta, a niƙa, a tuƙa masa tuwo, ya ci loma uku. In ya ci, gonaki da shanu da soraye sun zama nasa. In ya ƙi, a nemi wani.

Da ranar ta zo, tsohon da ke kula da rumbun, Dogara sunansa, ya sa aka ɗage jinka aka jingina tsani. Mutumin ya hau, ya sauka ciki. Rana tana tsaka, amma ciki sanyi kamar gindin rijiya.

Sarakunan da suka gabata a birni suka tashi, shi kuwa manomi ne, don haka ya ga abin da ba su lura da shi ba. Dawar ta fi shekara saba'in a ajiye, amma babu gara, babu ƙwaro, ko kashin ɓera babu. Sai ya duba ɗaurin dammunan. Kowane manomi ya san kowane gida da irin ƙullinsa. Da dawar gandun sarki ce, da ƙulli ɗaya zai gani. Nan kuwa wannan dami da kaba aka ɗaure shi, wancan da rama, wani ƙulli biyu, wani ɗaurin bahago. Yana tsaye sai ya ji numfashi. Ba na mutum ɗaya ba, na mutane da yawa, a hankali, irin na waɗanda suka zauna shiru suna jiran a sauke tukunya.

Ya fito da zangarniyar. Ya ja Dogara gefe ya ce, "Baba, dawar nan ta wa ce?"

"Taka ce, ranka ya daɗe."

"Kafin ta zama tawa."

Dogara ya ce, "Shekarar babbar yunwa, kakanka ya aika ƙauyuka bakwai na bakin kogi, ya ce kowa ya kawo abin da ya rage masa a ajiye a fada, kada ɓarayi su kwashe. Suka kawo a ka. Da yunwa ta yi tsanani suka zo karɓa, aka rufe ƙofa. Mai gona ya ba da gonarsa aka auna masa daga dawarsa. Mai saniya ya ba da saniya. Wanda ba shi da komai ya zauna a gindin katanga har ya daina motsi. Gandun da ka gani, da garken, da azarar soron da za ka kwana a ciki, duk daga nan suka fito. Wannan rumbu shi ne ragowar."

"To, me ya sa ake ci?"

"Don kada wani sarki ya tashi ya zagi ubansa. Wanda ya ci, bakinsa ya shiga ciki."

Mutumin ya koma wurin matarsa Tabawa ya faɗa mata. Ta ajiye muciya ta ce, "Maigida, shekara ashirin ina tuƙa maka tuwon dusa, ba ka taɓa tambayar inda ya fito ba. Yau da aka ce na sarauta ne, ka zama alƙali? Kai ka rufe ƙofar? An ma haife ka?"

Ya fita ƙofar gari, inda wata tsohuwa mai suna Gwamma take sayar da itace. Da shigowarsa birni ya lura da yadda take ɗaure itacenta, ɗaurin bahago ne, irin wanda ya gani a rumbu.

Ya ce, "Iya, wa ya koya miki wannan ɗauri?"

Ta ce, "Uwata. Ita kuma ubanta, wanda ya mutu a gindin katangarku. Ka shiga rumbun ke nan."

"Na shiga."

"Ɗana, ni ba dawar nake so ba, ina haƙoran? Ka fito da dammunan nan ka jera su a ƙofar fada da rana. Ni zan nuna maka ƙullin kowane gida, in faɗi sunan mai shi, kai kuma ka maimaita mutane su ji. Ni kaɗai na rage da na san su."

Ya ce, "Iya, bari a naɗa ni tukuna. Wanda ba shi da rawani, wa zai buɗe masa rumbu? In na hau, shi zan fara yi."

Gwamma ta ci gaba da jera itacenta. Ta ce, "Sarkin da ya rasu ma haka ya ce mini. Nan inda kake tsaye ya tsaya."

Washegari aka kawo masa tuwon. Ya yi fatan ya ji ɗaci, ya sami dalilin tofarwa. Amma tun da aka haife shi bai taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba. Ya ci loma uku, ya sa hannu ya ƙara ta huɗu.

Shekarar farko fadawa suka ce bai zauna da gindinsa ba tukuna. Ta biyu ya ga in ya buɗe rumbu za a tambayi gandu, in an tambayi gandu za a tambayi garke. Kullum kuwa rana ta take tsaka, ko ina yake a gidan, sai ya ji numfashin nan. Ya sa makaɗa su riƙa buga tambari da tsakar rana, mutanen gari suka ɗauka ƙasaita ce. A shekara ta huɗu Gwamma ta mutu.

Ya yi shekara ashirin da shida yana sarauta. Da ciwon ajali ya kama shi, ya hana a buga tambari, ya kira ɗan Dogara, wanda ya gaji aikin ubansa. Ya ce, "A buɗe rumbun. A mayar wa masu shi."

Ɗan Dogara ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba wa?"

Sarki ya buɗe baki. Ba suna ko ɗaya a cikinsa.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Rumbun shi ne duk abin da muka tarar a gidajenmu, babba ko ƙarami. Ba sarakuna kaɗai ke da shi ba. Akwai mai noma gonar da ubansa ya matsar da iyakarta dare ɗaya bayan maƙwabci ya rasu. Akwai mai zama a filin gwauruwar da ba ta da mai tsaya mata. In aka tambaye mu, sai mu ce gado muka yi, kamar gado yana wanke abu. Allah ba zai tambaye ka ƙofar da kakanka ya rufe ba. Lomar da ka kai bakinka bayan ka sani, ita zai tambaya. Gwamma ita ce zarafin tuba, tsohuwa ce, ba ta daɗewa. Mutumin nan ba mugu ba ne, ya yi niyyar gyarawa da zuciya ɗaya. Sai dai ya ce zai ci tukuna. Na binne mutane da yawa masu irin wannan niyya. In ka san mai abin yana da rai, ka je wurinsa cikin makon nan.

Waɗanda suka rage a gidan bayan an binne sarki su ne: Tabawa, ta makance. Ɗan Dogara, da tsaninsa. Makaɗa uku. 'Ya'yan sarki maza biyu, ba sa gaisawa, kowa yana jiran a ce shi zai shiga rumbu. Da masu numfashi.